Kejin Ɓeran Zulfa

Tun da Hindatu ta yi wayo ba ta taɓa jin inda aka ciyar da ɓera da gangan ba sai a gidanta. Gidan manoma ne a Tambuwal, inda ɓera ke ci da sata, in an ritsa shi ya sha taɓarya. Amma ga wannan, ɗan guntu, ba wutsiya, kumatu kamar mai ciwon hangum, yana zaune cikin kejin waya a rumfarta ana kai masa abinci har ɗaki. Wai ɓeran Turawa ne. Kawun jikarta Zulfa ne ya kawo wa yarinyar tsaraba daga Abuja, ko me ya rasa a duk faɗin kasuwar, oho.

Zulfa a hannun Hindatu ta tashi. Da ubanta Mannir, ɗan Hindatu, ya sami aiki a Kebbe sai ya kwashe iyalinsa har da ita, aka bar ɓeran. Shi ya sa duk ƙarshen mako yarinyar take tada rigima sai an ɗoro ta a babur an kawo ta. Hindatu ba yarinya ba ce, ta san ba don tuwonta ake wannan zarya ba. Muddin ɓeran yana numfashi a rumfar nan, za ta riƙa ganin jikarta.

Sai dai kiwon nata daga nesa ne. Guntun tuwo, sauran ƙosai, ɓawon kankana, ta jefa ta kau da kai. Shi kuma ɗan banza ba ya cinyewa, sai ya cusa a kumatu ya kai lungu ya binne cikin ƙaiƙayin da aka shimfiɗa masa. Damina ta kankama, hanya ta ɓaci, Zulfa ta kwana biyu ba ta zo ba, ajiyar ɓera ta ruɓe.

Wari ne ya fara kai ƙara. Ran nan da hantsi Hindatu ta toshe hanci da gefen zane, ta zura sanda ta tona lungun. Wa'iyazu billahi! Kyankyasai suka watso, manya da 'ya'yansu farare da ko fiffike ba su yi ba. Ƙarƙashinsu tsutsa ce ke mutsu-mutsu cikin tuwon da ya yi gashi. Kyankyaso ɗaya ya biyo sandar ya hau hannunta, ta yi wurgi da ita. Ɓeran yana gefe ya rame, sai susa yake, cinnaku sun cinye bayan kunnensa ya yi jawur.

Maƙwabciyarta Batula ta leƙo ta katanga. "Ke Hindatu, zuba mai fiya-fiya mana, kowa shi huta."

"Shi mutu in ce ma ɗiyar mi?"

Ba yadda za ta yi, sai da ta sa hannu. Ta yi bisimilla ta cafko ɓeran. Ɗumi, laushi, ga ƙananan farata suna karce mata tafi, tsigar jikinta duk ta tashi. Kafin ta kai shi tsohuwar tukunya ta rufe da rariya, ya tsula mata fitsari a hannu, tukuicinsa ke nan.

Ta ja kejin tsakar gida ta kife. Kaji suka rufar masa suna wasoso, ta dube su ta ji ƙwan gidan nan ya fita ranta. Ta sheƙa tafasasshen ruwa, ta dirje kowace waya da toka da soso, ta shanya. Ta samo garin katako wurin kafinta ta shimfiɗa, ta tsoma ƙafafun teburin da ake ɗora kejin cikin gwangwanayen ruwa don kada ƙwaro ya sake hawa. Har man kaɗanya ta shafa wa ɓeran a kunne, tana shafawa tana tofar da yawu. Ranar ba ta iya kai loma bakinta ba.

Hanya na bushewa sai ga su. Zulfa ta gaishe ta a tsaye ta wuce rumfa, ta ƙwala ihun murna. Mannir ya bi ta, ya duƙa ya shinshina.

"Inna, wa yag gyara wanga keji haka?"

"Aljannu," in ji Hindatu, tana ɓoye jin daɗi.

"Ai da ma ƙazanta ta hana mu tahiya da shi, uwatta ta ce ba ta iyawa. Tunda ya zan haka, Zulfa ɗauko abinki, mu huta da wagga zarya."

Yarinyar ta hau tsalle. Me Hindatu za ta ce, a bar mata ɓera? Ita da kanta ta nemo roba ta ɗaure kejin tamau a kan babur, ranta a jagule.

Babur ya tashi, ta ɗaga hannu. Zulfa ba ta waiwayo ba, tana tallabe da kejin kada ya jijjiga.