Ciyawar Gaɓa

Babanmu bai taɓa aske kan kowa ba, amma duk masu lambu a bakin kogi Wanzami suke ce masa. Idan ya gama nome lambunsa ko tsinke ba ka gani, tun daga shinge har inda ruwa ke lasar ƙasa. A wurinsa ciyawa abin kunya ce. Maƙwabcinsa, wanda ciyawar jema ta rufe masa gaɓa har ƙugu, Baba ya raɗa masa suna Sai-gobe, kuma sunan ya bi shi.

Sai dai kogin yana cin lambunmu. Kowace damina sai ya gutsuri gaɓa ya wuce da ita, ruwa ya yi ja, masunta su yi ta ƙorafi laka ta cike musu wurin kamu. Bana abin ya zo daf da bishiyar lemon da Inna ta dasa kafin ta rasu, wadda Baba ke yi wa ban ruwa kafin komai.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma ina cikin ƙungiyar da ke dasa jema a gefen kogi, don saiwarta na nitsewa ta riƙe ƙasa. Na san halin ubana, saboda haka na yi masa bayani har bakina ya bushe. Ya ce to. Muka zo muka dasa masa ita layi-layi, muka ba ta ruwa, muka tafi.

Da na dawo dubawa, na tarar da gaɓar fes, ciyawar tana tare a gefe ta bushe.

"Baba, ina jemarmu?"

"Na ga abin ya fara yawa ne," ya ce, yana kankare laka daga fartanya. "Mutane na wucewa ta nan. So kike su ce tsufa ya kama ni?"

"Gara kogi ya cinye lambun ke nan?"

"Ke dai yarinya ce. Kakanki ma haka ya yi nomansa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na juya ko sallama ban yi masa ba, ina tafe ina mita kamar wadda aka yi wa sata.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da rana tsaka. Yana ɗaukewa na nufi lambu, laka har idon sawu. Gaɓar ta zube. Lemon Inna yana kwance cikin ruwa, saiwoyinsa a sama, kogi na jan sa a hankali. Baba ya ɗaura masa igiya yana ja shi kaɗai, na kama masa, amma ina, igiyar ta goge mana hannu ta kuɓuce. Muna tsaye muka ga ya sha kwana.

Baba ya daɗe yana kallon gaɓar Sai-gobe, wadda ruwa ya kwantar wa ciyawa kawai ya wuce. Sannan ya ɗauki fartanya ya tsallaka shinge, ni kuma na bi shi, ina tsoron faɗa zai yi.

"Maƙwabci," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ciyawa na zo roƙo."

Na zaci mutumin zai rama tsokanar shekaru. Bai ko yi murmushi ba.

"Ɗebi, Yaya. Amma ka tono ta da saiwa, ka bar mata ƙasarta."

Muka dawo da ita a kwando. Baba ya durƙusa a sabon bakin gaɓa yana dasawa, yana danna ƙasa da tafin hannun da igiya ta saɓule. Fushina ya tafi, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce ya bari in ƙarasa, ya girgiza kai.

"Duk shekarun nan share wa kogi hanya nake, ina cewa aiki nake yi," ya ce, bai ɗago ba. "Abu ɗaya uwarki ta bar mini in kula da shi."