Tsagar Kwance

A zamanin da mata ke duba fuska a ruwan ƙwarya, duk ƙauyukan da ke kewaye da Zakirai ba mai kitso kamar Maijidda. Sai dai kullum tsagarta daga goshi zuwa ƙeya take tafiya. Mata suna cewa salonta ne, ita kuwa ta bar su a haka. Gaskiyar ita ce tun tana yarinya idonta yake mata wannan rowa: abin da ke tsaye tana ganinsa tar, abin da ke kwance kuwa sai ya baje ya zama biyu. Ta sa kwalli, ta sha saiwoyi, a banza.

Ran nan Falmata, matar wani manomi ɗan asalin Barno, ta zo ana jibi sunan ɗanta na fari.

"Iya, kitson marigayiya innata nake so," in ji Falmata. "Tsagarsa daga kunne zuwa kunne take."

Maijidda ta dubi kan Falmata. In ta ƙi, a ce hannunta ya gaza. In ta yi ya karkace, matan suna kaf za su gani, kuma bakin matan suna ba ya ajiye magana.

Ta shafa man shanu, ta ɗora kibiyar tsaga, layin ya rabu biyu a idonta. Ta ƙanƙance ido, ta karkata wuya har ya yi tsami. Da ta sunkuya ta gefe don ɗaukar mataji, sai ta ga layin nan ya miƙe tsaye, guda ɗaya tak. Ashe haka abin yake! Ta jawo kujerarta ta dawo saitin kunnen Falmata, ta kwantar da kan a cinyarta.

"Iya, yau ta gefe ake kitso?"

"Ke dai riƙe kanki. Tsufa ne, bayana ke ciwo."

Kafin la'asar ta gama. Falmata ba ta nemi ruwan ƙwarya ba. Ta lumshe ido, ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Daɗi ya cika Maijidda har ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Iya," in ji Falmata, "in na sake haihuwa, nan zan dawo."