Carbin Illiya

A shekarar da soja suka karɓi mulki, lokacin da makiyaya suka cika bakin Agadas ba ko akuya, Monper, limamin majami'ar Katolika ta misiyon, ya ɗora wa Illiya wani aiki da ya fi gyaran kamiyo, babbar motar kaya, wuya. Illiya makaniki ne, mutumin Dogondutsi, ɗan Katolika, kuma duk garaji an san bakinsa. Da ya je furta zunubi, Monper ya ce masa watan Mayu duka, watan Maryamu, shi zai ja addu'ar carbi a misiyon kowane marece, kuma kada ya zagi kowa har wata ya ƙare.

Ya riƙe kwana ashirin da takwas. Wani sarjan ya ture shi da gindin bindiga a layin jar dawar taimako, ya yi shiru. Wani direba ya zuba yashi a injin da ya gama wankewa, ya yi shiru. Har ya fara tunanin inda za a rataya hotonsa a majami'a cikin na waliyyai idan ya mutu, kusa da taga, inda haske ke faɗowa.

Ran ashirin da tara zaren carbinsa ya tsinke. Ya tsince 'ya'yan cikin rairayi ya kai wa maƙwabcinsa Hassane, maƙerin azurfa, Musulmi, wanda suka shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya. Da la'asar ya karɓa a naɗe cikin takarda, ya jefa aljihu ya yi sauri.

Su goma sha biyu ne a misiyon, galibi 'yan Dahome da Togo, kowa cikinsa na kuka. Illiya ya durƙusa a gaba ya rufe ido kafin ya zaro carbin, don yana ganin mai ja da ido buɗe bai kai ba tukuna. Ka'idar kuwa sananniya ce: a ce "A gaishe ki Maryamu" sau goma, yatsa ya ci karo da babban ɗa, a tsaya. Ya ja. Yatsa bai ci karo da kome ba. Madam Filomen, malamar lakwal, wato makarantar boko, da ta daɗe tana ganin ita ta cancanci ja, ta yi tari. Ya ce a ransa Shaiɗan ne, ya ƙara murya. Jama'a suka bi shi, gwiwoyi na ƙara. Sai da wani tsoho ya zauna daɓas ya ce shi dai ya gama nasa goman sau uku, sannan Illiya ya buɗe ido.

Carbin ya kai ƙasa don tsawo. Gicciyensa na nan a kai, an goge shi yana ƙyalli, amma 'ya'ya casa'in da tara ne, talatin da uku talatin da uku.

Bai san yadda aka ƙarasa addu'ar ba. Ya nufi maƙera yana jera zagi a ciki, yana haɗiyewa, yana tuna wa kansa saura kwana biyu.

Hassane bai bari ya fara ba. Ya ce shi ma yana da magana. Shekara goma sha ɗaya suna gaisawa, ashe mutum na ja wa Allah carbi guntu bai taɓa faɗi ba? Ya ƙirga ya ga hamsin da tara, ya san sauran sun ɓace a rairayi, ya cika masa arba'in daga nasa, kyauta. Illiya ya buɗe haƙora da ƙyar ya bayyana cewa nasu haka yake, goma goma.

Hassane ya ajiye guduma. "Goma goma? Malam Illiya, mu muna fita roƙon ruwa cikin rana, ku kuna can kuna tauye mudu. To ina ruwa zai zo?"

"Jaki," in ji Illiya. Daga nan kuma sauran suka biyo, na kwana ashirin da takwas, har da rabon sarjan da na direba.

Hassane ya saurara har ƙarshe, fuskarsa na washewa. Ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa Hajara ta bar jiƙa maganin nan.

"Alhamdu lillahi, ka warke," ya ce. "Wata guda ba mu ji ka ta katanga ba. Duk unguwa ta ce yunwa ce ta taɓa maka kai."

Tsarkin da Illiya ya sha wuya a kansa, ashe a unguwa ciwo aka ɗauke shi, har ana haɗa masa saiwa. Ya nemi wani zagin ya tarar ya ƙarar da su duka.

Ya zauna a tabarma ya tsinke zaren da kansa. Suka shiga shiryawa, shi yana ƙirga goma, Hassane yana ƙoƙarin saka na sha ɗaya a ɓoye. Gobe da safe sai Monper, kuma Illiya ya san mutumin: zai ce watan Yuni ma wata ne.