Santimita Goma Sha Biyu

Ma'aikacin ofishin 'yan sanda ya ja tef ɗin awo daga bangon gida zuwa bakin titi, ya duba, ya sake ja.

"Baba, filinka mita biyar ne cif. Motar da ke takardar nan ta ɗara shi da santimita goma sha biyu."

"Sake aunawa," in ji Kuramochi.

"Sau uku ke nan. Tef ba ya jin kunyar furfura."

Kowa a garin Takasaki ya san ba a ba mota lamba sai an ga inda za ta kwana, an kuma tabbatar ba za ta leƙo titi ba. Kuramochi ma ya sani. Filinsa ne kawai bai auna ba, domin bai taɓa zaton kuskure zai fito daga wajensa ba.

Shekara huɗu ya kashe wa motar a wata rumfa a bayan gari. Baƙa ce, doguwa, irin ta shugabannin kamfani na shekara hamsin da suka wuce. Ya cire injin mai ya sa na lantarki, ya sabunta birki, ya lulluɓe kujeru da ulu. Bambar baya kuwa da hannunsa ya ƙera ta, wata bakwai yana bugu, ya binne fitilu a cikinta. Ita ce ta ƙara tsawon. A shekara ta biyu matarsa ta koma gidan ƙanwarta, bai bi ta ba. Yanzu saura kwana ashirin auren 'yarsa Chizuru, kuma aiki ɗaya aka ba shi. "In ta tashi, ka kai ni wurin ɗaurin aure," Chizuru ta ce masa a waya. "In ba ta tashi ba, akwai tasi."

Ma'aikacin ya naɗe tef ɗinsa. "Ko ka samo wani wuri a kusa, mai shi ya buga maka hatimi. Ga garejin can, ai kamar ba kowa."

Garejin maƙwabciyarsa ne, matar marigayi Horiguchi. Ran da aka yi zaman makokin mijinta, Kuramochi yana rumfa yana fenti.

Da la'asar ya sayo kwalin alewar wake, ya tsaya a ƙofarta. Bai kai ga taɓa ƙararrawa ba ta buɗe.

"A'a! Maƙwabci! Ashe kana raye? Na ɗauka motar ce ta haɗiye ka."

"Barka da yamma."

"Barka kadai. Na ga ana ta awo a gidanka. Rami za a haƙa maka?"

Ya miƙa kwalin da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya shi, ta dube shi.

"Garejin nan mita shida ne. Tun da maigida ya tafi, sai tsintsiya da keke. Hatimina yana cikin aljihuna, ka ji shi." Ta bubbuga rigar girkinta. "Abu ɗaya nake jira. Ka faɗi abin da ya kawo ka, da bakinka."

Kuramochi ya kalli takalmansa. Mutum ne da zai kwance inji da ido rufe. Kalma uku ake nema, ko huɗu. Wani mai babur ya wuce, ƙararsa ta yi nisa, ta ɓace.

"Alewa ce kawai," ya ce. "Na ga sabuwa ce."

"To. An gode."

Ba ta rufe ƙofar da ƙarfi ba.

Ya hau bas zuwa rumfa. Ya yaye ƙyallen da ke kan motar, ya durƙusa a bayanta, ya shafa bambar daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ya kira Chizuru. Ba ta ɗauka ba, na'ura ta ce ya bar saƙo.

"Ni ne. Kada ki kira tasi."

Ya ajiye wayar, ya ɗauko abin yankan ƙarfe, ya jona shi da wuta, ya nufi bambar.