Bangon Ɗakin Yarinya

Tun ranar da Anti Tela ta sa aka liƙa siririyar fitilar nan ta LED a gefen silin falonta, mita ta zama biyu a gidan: ga ta bango, ga ta maigida. Wutar da suke saya, wadda a da take kai su ƙarshen wata, yanzu ko tsakiyarsa ba ta gani.

"Igiyar kwalliyarki ce ke shanye mana wuta," in ji maigidan, yana ɗaura takalmi zai fita tuƙi.

"Mai shagon ya ce cinta bai kai na ƙwan lantarki biyu ba."

"To me zai ce? Ya ce kar ki saya?"

Abin ya tsaya mata a rai, don da kuɗin ɗinkinta ta saye ta. Da rana, bayan 'yarta mai shekara uku ta yi barci, ta ce bari ta gani da idonta. Ta zare fitilar daga soket, ta fita baranda inda mitar take. Jar wutar nan da ke ƙiftawa idan ana shan lantarki tana nan tana ƙiftawa da sauri kamar ba a taɓa komai ba.

Ta koma ta kashe firji. Ta kashe talabijin da fanka, ta zare keken ɗinki, har cajar waya ba ta bari ba. Gidan ya yi tsit. Ta sake leƙa mitar, ta tarar ko rage gudu ba ta yi ba.

Ta shiga bin ɗakuna tana neman abin da ta manta a kunne, kicin, banɗaki, ɗakinsu, babu komai. Tana tura ƙofar ɗakin yarinyar wani ƙauri ya tare ta, irin na roba idan ta ji wuta. Ta taɓa jinsa kwanakin baya, ta ɗauka shara ake ƙonawa a layi. Yau kuwa tagar a rufe take.

Ta dafa bango ta saman gadon, ta janye hannu da sauri. Zafinsa kamar gefen tukunya. Ta ɗaga kai. A kusurwar silin akwai wani tabo baƙi-baƙi, kuma daga cikinsa wani abu yana ƙara a hankali, ƙis, ƙis. Yarinyar na kwance daidai ƙarƙashinsa, baki buɗe, gumi ya jiƙa mata wuya.

Ba ta san lokacin da ta sure ta ba. Ta fito baranda da ita a kafaɗa, ta kai hannu kan babban makunnin da ke gefen mita. Sai da ta ja sau biyu kafin ya sauka.

Jar wutar ta mutu. Wani abu ma ya mutu tare da ita: gurnanin nan da ke fitowa ta bayan bango dare da rana, wanda kunnenta ya saba da shi har ta daina jinsa. Manyan firjin maƙwabcinsu ne, Mai Ƙanƙara.

"Maƙwabciya," matarsa ta kira ta saman katanga, "ku ma an ɗauke muku?"

Anti Tela ta dubi shagon aski da ke tsallaken layi. Talabijin ɗinsu na ta aiki.

"Mu ma," ta ce.

Ta kira maigidan, murya ƙasa-ƙasa. "Ka bar abin da kake yi ka zo da mai gyaran wuta. Kar ka tambaye ni a waya."

A bakin ƙofa ta zauna, yarinyar a cinyarta, idonta kan rufin gidan, tana jiran ta ga hayaƙi. Ko ruwa ta kasa komawa ta ɗauko.

Mai gyaran ya hau cikin silin da tocila, ya daɗe a ciki. Da ya sauko, ya miƙa wa maigidan guntun waya da robarta ta narke, ya buɗe ɗayan hannun, gawayi ne. Katakon rufin ne wuta ta ci rabinsa. Wayar ta taso daga layin wutarsu, ta bi ta wani huji ta shiga gidan maƙwabci.

"Ban san me ya hana shi kamawa ba," ya ce.

Maigidan ya shiga ɗakin, ya tsaya yana kallon gadon.

Suna fitowa suka ga Mai Ƙanƙara tsaye a ƙofarsa, hannu a aljihu. Ƙato ne, kuma surukin mai gidan da suke haya.

"Kuskuren wanda ya yi min aiki ne," ya ce, tun ba a tambaye shi ba. Ya dubi Anti Tela ya daɗe. "Ke kika gano, ko?"

Ta ja 'yarta ciki ta sa sakata. Washegari da safe, kafin ta zauna kan keke, ta kira yayanta ta ce ya taya su neman wani gida, ko ɗaki ɗaya ne.