Abin da Wilmar Ya Roƙa

Gidajenmu na unguwar Cerro da hannunmu muka gina su, kuma ba a sayar da su. In wani ya rasu ko ya tashi, sai a ɗauko na gaba cikin masu jira, a haɗa shi da tsohon hannu ya riƙa jan sa a jiki, har ranar da taron unguwa zai ɗaga hannu a kansa. Da gidan marigayi Aníbal ya zama ba kowa, ni Zulma aka haɗa da Wilmar Techera, tsohon direban bas da matarsa ta rasu, yana haya a wani ɗaki da ko taga babu. Yana son gidan nan kamar ransa.

Aiki kam ba a magana. Ya gyara famfon ɗakin taro, ya hau rufi, ya ɗaukar wa tsofaffi tukunyar gas. Amma in aka miƙa masa mate, shayin ganyen da muke zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya, sai ya ɗaga nasa ƙoƙon, wai ya zo da abinsa.

Mu kuwa muna da wata al'ada da ba a rubuta ba: ba ma karɓar wanda bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ya roƙi wani abu ba. Mun sha ganin masu bayarwa kawai, shekara ɗaya su fara gori. Nélida, wadda ta fi kowa daɗewa a nan, ta ce ita ba za ta ɗaga masa hannu ba, kuma inda hannun Nélida ya tsaya, nan rabin unguwa ke tsayawa.

Wata rana ana ruwa, ina suyar torta frita, wainarmu ta fulawa, na zaunar da shi na faɗa masa gaskiya. Ya ce ubansa bai tashe shi da roƙo ba.

"Wilmar, ba ubanka ne zai zauna da mu ba," na ce. "Albasa ɗaya ma ta isa. Ko allura."

Ya yi godiya, ya ƙi ɗaukar torta ko guda, ya tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na riga na sa shi a zuciya. Taro yana ta matsowa, shi kuma yana ta fentin ƙofofin mutane.

Ranar Talata da safe ina ba shuke-shukena ruwa, sai na hango shi a ƙofar Nélida, hula a hannu. Na ce a raina, to, albasa ta zo. Na matsa kusa, don ni ban iya kawar da kunne ba.

"Doña Nélida," ya ce, "jibi za a buɗe inda aka sa matata Gladys a maƙabarta, a mayar da ƙasusuwanta ƙaramin akwati, yadda ake yi a nan in shekaru sun cika. Sun ce sai wani nata ya tsaya. Ba mu haihu ba. Na yi ta gwada kaina, na ga ba zan iya tsayawa ni kaɗai ba."

Nélida ta tambaye shi ƙarfe nawa.

Mu uku muka je. Ma'aikatan suka yi aikinsu cikin natsuwa, Wilmar na tsakiyarmu, Nélida riƙe da gwiwar hannunsa. Da aka fito da wani guntun shuɗin ƙyalle, ya ce rigar da ta fi so ke nan, ya yi kuka ba tare da ya ɓoye fuska ba. Ni ma na yi.

A benci na bakin ƙofar maƙabarta ya laluba jakarsa, ashe ya manta ƙoƙonsa a gida. Nélida ta zuba ruwan zafi a nata ta miƙa masa, ya karɓa ya zuƙe har ƙoƙon ya yi ƙara.

Ranar Asabar a taro ban gama faɗin sunansa ba hannun Nélida ya tashi, sauran suka bi. Da aka watse ya miƙe zai kwashe kujeru yadda ya saba. Nélida ta ce ya zauna, akwai masu yi. Ya koma ya zauna, yana kallon maƙwabtansa suna kwashewa.