Yafiyar da ta Rage wa Malam Bala

Da Delu ta leƙo zaurena ko sallama babu, ta ce in taho da wayata Malam na kira, na san ƙaryata ta cim mini. Shekara da shekaru na bar unguwarmu a Madarunfa tana ɗauka ina jin Ingilishi, don kawai ina tsallakawa Jibiya saro kayan babur. Abin da na iya bai wuce tayin kaya da zagin ɗan kamasho ba.

Malam Bala, mijin Delu, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da likitocin Maraɗi suka ce a mai da shi gida a yi ta addu'a, kowa ya gane. Na same shi kwance a ɗakin da ke duban rumbu, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Tun safe yake neman yafiya. Ya nemi ta Delu, ta 'ya'yansa, har ta mai shayin bakin titi da suka taɓa faɗa kan akuya. Ni ma ya nemi tawa, na yafe da sauri, don ni ne mai aron tsaninsa ba na mayarwa. Saura ɗaya, in ji shi.

Duk unguwa ta san labarin. Yana saurayi a Gabi, giwayen dajin Baban Rafi sun shiga gonakin gero, samari suka kore su da wuta da gwangwanaye. Wata 'yar ƙarama ta faɗa tsohuwar rijiya. Uwar ta ƙi tafiya, tana zagaye bakin ramin, Bala ne ya jefe ta da bakin wuta a fuska har ta gudu. Washegari aka raba naman 'yar. Ya ce kukan da ta yi cikin ramin bai taɓa barin kunnensa ba.

Saboda haka ne ɗiyarsa Sakina, da ke aikin jinya a Yamai, ta ɗauki nauyin wata marainiyar giwa da sunansa, wurin wata ƙungiya a Kenya mai renon irinsu. Duk wata tana biya, su kuma suna aiko hoto, Sakina ta turo wayata. Mu zauna muna kallon 'yar giwa lulluɓe da bargo tana shan madara a kwalba, ni ina fassara rubutun ƙasa yadda Allah ya hore mini.

Yanzu so yake in kira mutanen, su kanga wa 'yar giwar waya a kunne.

Al'amin, babban ɗansa, malamin lekol ne, wato makarantar boko, yana tsaye bakin ƙofa da hannu a harɗe. Ya ce wannan ba lokacin wasa ba ne, kalmar shahada ya kamata a riƙa tuna masa, kar a ji a gari cewa mahaifinsa ya cika yana magana da dabba.

"Baba, Allah ake roƙo gafara."

"Na roƙe Shi," in ji Malam Bala. "Amma hakkin wani, mai shi ake tambaya."

"Wannan ba ita ba ce, Baba. Ko ƙasarsu ba ɗaya ba."

"Danginta ne. Ita kaɗai na sani."

Tari ya sarƙe shi, ya daɗe bai dawo ba. Delu ta tallafi kansa tana salati, ni kuwa, Allah Ya yafe mini, na ji wani ɗan sauƙi a raina. Sai ya buɗe ido, ya neme ni da su.

"Sule, kira."

Lambar tana ƙasan hoton ƙarshe, doguwa kamar ba ta ƙarewa. Na danna ta. Al'amin ya baro ƙofa ya tsaya dab da kafaɗata, har ina jin ƙamshin turarensa. Muryar mace ta fito. Na gyara murya, na zuba mata duk Ingilishin da na mallaka: gaisuwa, sunan Bala, sunan giwa, da kalmar roƙo wadda na maimaita har ta gaji. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa yes. Gumi ya jiƙa mini riga.

Na ɗago, muka haɗa ido da Al'amin. Ya miƙo hannu. Na zaci ƙwacewa zai yi, ya faɗi abin da zai faɗa a gaban uwarsa. Ya karɓi wayar, ya dubi fuskar wayar, ya dubi mahaifinsa. Sannan ya durƙusa ya kanga masa a kunne, babban yatsansa rufe da hasken.

"Sun kai mata, Baba. Yi magana."

Malam Bala ya yi mata sallama kamar yadda ake yi wa babba. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu. Ya ce gero ne, shekarar kuma ta yunwa ce, amma ba hujja yake kawowa ba. Ya ce shi ya jefa wutar, ya kuma ci naman. Daga nan muryarsa ta yi ƙasa, ban ƙara jin komai ba sai motsin leɓe. Ya kasa kunne yana saurare. Babu mai motsi a ɗakin. Waje, wani mai kifin tabki ya wuce yana talla.

"Mi ta ce, Malam?" in ji Delu.

"Ba ta ce komi ba. Amma ba ta tafi ba."

Ya cika bayan la'asar, da shahada a bakinsa, Al'amin ne ya laƙƙana masa. Kafin magariba mun kai shi. Da muka dawo, Al'amin ya miƙo mini wayar a ƙofar gida ba tare da ya dube ni ba, ya shiga ya zauna kan tabarmar gaisuwa kusa da takalman mahaifinsa.

Matar da na yi wa Ingilishi ta kamfanin waya ce. Da Faransanci take gaya mini kiredina bai isa kiran waje ba.